Tikitin Dala Biyar a Montgomery: Bitar Gidan Tarihin Legacy da Kuɗin da Ya Gina Shi

Dala biyar aka karɓa a hannuna a ƙofar gidan tarihin Legacy da ke birnin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, aka kuma shaida mini cewa wannan tikiti guda ya isa in shiga wurare uku: gidan tarihin kansa, da dandalin tunawa da baƙaƙen fatar da aka yi wa kisan taron dangi, da lambun mutum-mutumai da ke bakin kogin Alabama, har da motar da ke jigilar baƙi tsakaninsu ba tare da ƙarin ko sisi ba. Duk wanda ya taɓa zama a Amurka ya san dala biyar ba ta kai kuɗin abincin rana ba, kuma manyan gidajen tarihi na birnin New York sukan karɓi dala 30 a hannun baligi. Tun ban taka cikin ginin ba tambaya ta tsaya mini a rai: idan ni biyar na biya, wa ya biya sauran, kuma me ya nema a bakin kuɗinsa? Da wannan tambaya na zagaya wuraren uku, kuma ita ce ma'aunin da na auna su da shi.

Daga Atlanta muka taso da asuba, ni da kawuna wanda tsohon malamin makaranta ne daga Zariya, ya zo mana ziyara. Tafiyar mil 160 ce ko kusa da haka, wajen awa biyu da rabi a mota. Kuskuren da na yi shi ne ware wa ziyarar wuni guda tal, abin da zan dawo kansa a gaba.

Masu wurin ba ma'aikatar gwamnati ba ne, ba kuma jami'a ba. Ƙungiyar lauyoyi ce mai zaman kanta da ake kira Equal Justice Initiative, ko EJI a taƙaice, wadda wani lauya baƙar fata mai suna Bryan Stevenson ya kafa a Montgomery a 1989 don kare talakawan da aka yanke wa hukuncin kisa. Alabama ba ta da tsarin lauyoyin gwamnati na bai-ɗaya da ke tsaya wa marasa galihu a faɗin jihar, saboda haka mutum kan iya zama a ɗakin jiran mutuwa ba shi da wanda zai ɗaukaka masa ƙara. Ƙungiyar ce ta fitar da Walter McMillian a 1993 bayan an ɗaure shi kan kisan da bai aikata ba, ita ce kuma ta fitar da Anthony Ray Hinton a 2015 bayan ya shafe kusan shekara 30 yana jiran a kashe shi. A 2012 Stevenson ya yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka, inda aka haramta dokokin da ke tilasta wa alƙali yanke wa ƙaramin yaro ɗaurin rai-da-rai ba tare da damar sassauci ba. Fursunoni fiye da 130 da ke jiran kisa sun samu sauƙi ko saki ta hannunsu. Na jero waɗannan ne saboda suna bayyana irin gidan tarihin da mutum zai tarar: lauyoyi ne suka tsara shi, kuma sun tsara shi kamar yadda suke tsara hujja a gaban alƙali, shaida bayan shaida, har mai sauraro ya rasa ta inda zai zille.

Zaɓen garin ma hujja ne. A 1808 Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka, amma ba ta haramta sayar da su a cikin gida ba, don haka aka kora mutane kusan miliyan guda daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa gonakin audugar can ƙuryar kudu. Bayin Alabama sun tashi daga kimanin 40,000 a wajejen 1820 zuwa 435,000 a 1860, kuma Montgomery na cikin manyan kasuwanninsu. Ana sauke su daga jirgin ruwa ko jirgin ƙasa, a bi da su titin Commerce a ɗaure, a tsare su a sito har ranar gwanjo. A wannan titi ofishin EJI yake a yau. A garin aka rantsar da Jefferson Davis shugaban jihohin kudu da suka ɓalle a 1861 don kare bauta, a garin kuma Rosa Parks, wata mata baƙar fata, ta ƙi tashi daga kujerar bas don farar fata ya zauna ranar 1 ga Disamba 1955, abin da ya jawo ƙaurace wa motocin birni na kwana 381. Gidan tarihin ya fara buɗewa ne a Afrilu 2018 a ƙaramin gini, sannan a Oktoba 2021 ya koma babban ginin da yake ciki yanzu, a inda wani siton auduga ya taɓa tsayawa, wanda bayi suka yi wa aiki.

Da shiga sai mutum ya ci karo da teku. Bango ne dogo da ake haska masa igiyar ruwan Atlantika tana tasowa da ruri, ana bayanin mutane fiye da miliyan 12 da aka kwasa daga Afirka, da kusan miliyan biyu da suka mutu kafin a kai gaɓa. Daga nan hanya ta ratsa tsakanin ɗaruruwan kawunan mutum-mutumai da suka fito daga yashi, wasu da sarƙa a wuya, wasu baki a buɗe kamar masu neman numfashi. Aikin Kwame Akoto-Bamfo ne, masassaƙi ɗan ƙasar Gana, kuma ya kula da abin da baƙon ido ba zai kula da shi ba, wato kitso da zanen fuska. Kawu ya sunkuya gaban wata fuska ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, wannan ai kamar 'yar garinmu." Ban amsa masa ba, shi ma bai jira amsa ba.

Sashen da ke biye da shi ɗakunan tsare bayi ne masu duhu da sandunan ƙarfe. Idan mutum ya matsa kusa, sai siffar mutum ta bayyana a ciki kamar fatalwa ta fara magana da shi, wata uwa tana tambayar ko an ga 'ya'yanta, wasu yara biyu suna neman mahaifiyarsu. Kalaman an ɗauko su ne daga bayanan waɗanda suka ɗanɗani bauta da kansu. Na shiga da shakkar cewa irin wannan fasaha za ta mayar da baƙin ciki wasan kwaikwayo, amma an taƙaita ta, ba kiɗa mai tayar da hankali, ba ihu, kuma wannan kamun kai ne ya sa ta yi tasiri.

Kashin bayan gidan tarihin magana ɗaya ce: bauta ba ta ƙare a 1865 ba, rikiɗa ta yi. Gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya soke bauta, amma ya bar ƙofa ga wanda kotu ta samu da laifi. Jihohin kudu suka bi ta wannan ƙofa, suka kafa dokokin kama mutum kan zaman banza ko rashin takardar aiki, sannan suka riƙa bayar da fursunoni haya ga masu ma'adinan kwal da manyan gonaki. Alabama ba ta daina wannan haya ba sai 1928. Bayan haka sai zamanin wariya a doka, wanda aka tara allunansa na asali a bango guda, masu hana baƙar fata shiga gidan abinci ko shan ruwa a famfo ɗaya da farar fata. Akwai kuma misalan tambayoyin da ake yi wa baƙar fata idan ya zo rajistar zaɓe, irin su ya faɗi yawan alewar da ke cikin kwalba ko yawan kumfar da ke cikin sandar sabulu. Kawu, da yake ya shekara talatin yana shirya jarrabawa, ya yi dariyar takaici a nan, ya ce jarrabawar da aka rubuta don a faɗi ba jarrabawa ba ce.

Inda na fi daɗewa shi ne bangon kwalabe. Kwalabe ne manya na gilashi, kimanin 800, a jere a kan kantoci tun daga ƙasa har sama da kan mutum, kowacce cike da ƙasa, kowacce ɗauke da suna da gari da kwanan wata. Ƙasar an ɗebo ta ne daga ainihin wurin da aka kashe mai sunan. Launinta ya bambanta ƙwarai: akwai ja jawur irin ta jan laka, akwai baƙa wuluk ta yankin audugar Alabama, akwai fara mai yashi ta bakin teku, wata da ɓurɓushin saiwa da tsakuwa a ciki. Ba ma'aikatan gidan tarihin ne kaɗai suka ɗebo ta ba. Jikokin waɗanda aka kashe, da 'yan coci, da ɗalibai, wani lokaci har da fararen fatar garin, su ne sukan je da ƙaramin shebur su durƙusa su haƙa. A ganina wannan bango ya fi duk wata na'urar zamani da ke ginin ƙarfi, kuma kusan shi ne mafi arha a cikinsu. Abin da ya ci shi ne shekarun da aka yi ana shiga ƙauyuka ana lallashin mutane su faɗi abin da kakanninsu suka binne a ciki, kuma wannan aiki ne da baƙo mai jakar kuɗi ba zai iya yi ba komai yawan kuɗinsa.

Sashen ƙarshe na kurkukun yau ne. An shirya rumfuna irin na ziyarar gidan yari, mutum ya zauna a kujera, ya ɗauki kan tarho, sai wanda ke bayan gilashi ya fara ba shi labarinsa. Mutane ne na gaskiya da suka yi zaman kurkuku, cikinsu har da Hinton. A gefe akwai wasiƙun da fursunoni suka aiko wa ƙungiyar da rubutun hannunsu, wasu na yara ƙanana da aka kulle tare da manya. A farkon shekarun 1970 waɗanda ke tsare a Amurka ba su wuce kimanin 300,000 ba, amma daga baya adadin ya haura miliyan biyu, kuma baƙaƙen fata, da ba su wuce kashi 13 cikin ɗari na al'umma ba, sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku na fursunonin. An hana ɗaukar hoto a cikin ginin. Na ji wasu baƙi suna gunaguni kan haka, amma ni na goyi bayan dokar, domin na ga yadda mutane suka cusa waya a aljihu suka koma karatu.

Dandalin tunawa yana kan tudu, tafiyar 'yan mintuna a motar jigila, a fili mai faɗin eka shida. Binciken ƙungiyar ya tabbatar da kisan taron dangi fiye da 4,400 tsakanin 1877 da 1950, wato inda gungun fararen fata suka kama baƙar fata suka rataye shi ko suka ƙona shi ko suka harbe shi ba tare da shari'a ba, sau da yawa da rana tsaka a gaban dubban 'yan kallo. Daga baya suka ƙara gano kusan 2,000 da aka kashe tsakanin 1865 da 1876. An yi wa kowace gunduma da abin ya faru a cikinta ginshiƙin ƙarfe mai tsawon ƙafa shida, sun haura 800, an zana sunan gundumar da sunayen mutanenta da ranar da aka kashe su. A wurare da dama babu suna, sai kalma guda da ke nufin ba a san ko wane ne ba.

Hikimar ginin tana cikin daɓensa. Da farko ginshiƙan suna tsaye daidai da mutum, kana karanta suna ido da ido kamar a maƙabarta. Yayin da kake tafiya sai ƙasa ta riƙa gangarawa a hankali, su kuwa ginshiƙan suna nan inda suke a rataye daga rufi, har ka ankara sun koma saman kanka, ka ɗaga wuya kana kallonsu kamar yadda 'yan kallon wancan zamani suka ɗaga nasu. Ƙarfen irin mai yin tsatsa ne, saboda haka launinsa ya rarrabu daga ja-ja zuwa baƙi-baƙi. A jikin bango an rubuta dalilan wasu kashe-kashen a jimla ɗaiɗai. An kashe Elizabeth Lawrence a Birmingham a 1933 saboda ta tsawata wa yaran fararen fata da suka jefe ta da duwatsu. An kashe Jesse Thornton a Luverne a 1940 saboda ya ambaci ɗan sanda farar fata ba tare da laƙabin girmamawa ba. An kashe Mary Turner a Jojiya a 1918 da tsohon ciki saboda ta yi ƙorafin kashe mijinta. Majalisar dokokin Amurka ta ga ƙudurori kusan 200 na hana wannan ta'asa, duk suka mutu a hanya, sai a 2022 aka sanya hannu a dokar da ta mayar da ita laifi a matakin tarayya.

A waje da rumfar akwai wasu ginshiƙan, kwafin na ciki, a kwance sahu-sahu kamar makara. An yi su ne domin kowace gunduma ta zo ta ɗauki nata ta kafa a gida, amma ƙungiyar ta gindaya cewa sai mutanen wurin sun fara yin aikin tunawa a tsakaninsu, kamar ɗebo ƙasa, da kafa allon tarihi, da tattaunawa a fili. Ranar da muka je filin cike yake da su. Wannan wayo ne na lauya, domin duk ginshiƙin da ke kwance shaida ne a kan garin da bai zo ba tukuna.

Wuri na uku, lambun da aka buɗe a Maris 2024 a kan eka 17, mun ratsa shi ne a gurguje saboda rana ta yi nisa. Akwai bukkokin bayi na asali da aka ɗauko daga gonaki, da ayyukan masu fasaha irin su Simone Leigh da Wangechi Mutu 'yar Kenya, sannan a ƙarshe wani katafaren bango mai tsawon ƙafa 43 zuwa sama, ɗauke da sunayen iyali 122,000 da aka samo daga ƙidayar 1870, ƙidayar farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu maimakon a lissafa su cikin dukiya. Na ga iyalai suna bin bangon da yatsa suna neman nasu.

To, wa ya biya? Gidan tarihin farko da dandalin tunawa sun ci kimanin dala miliyan 20, kuma daga aljihun masu bayarwa kuɗin ya fito. Gidauniyar Ford da kamfanin Google suna cikin waɗanda suka tallafa, haka nan Jon Stryker da 'yar'uwarsa Pat, magadan wani kamfanin kayan asibiti, sun bayar da dala miliyan 10 tsakaninsu. Amma lissafin ya faro tun kafin nan. A tsakiyar shekarun 1990 majalisar tarayya ta yanke kuɗin da take bai wa cibiyoyin kare waɗanda ke jiran kisa, a daidai lokacin kuma, a 1995, Stevenson ya samu kyautar gidauniyar MacArthur, irin kyautar da ake bai wa mutum ba tare da an ce masa ga abin da zai yi da ita ba, ya zuba ta cikin ƙungiyar. A 2012 ya yi jawabi a dandalin TED, wani taron jawabai da masu hannu da shuni ke halarta, mahalarta suka tara fiye da dala miliyan guda. Abin lura shi ne tsarin lokacin: sai da ƙungiyar ta shekara kusan talatin tana shiga gidajen yari da kotunan ƙauye kafin ta ɗora bulo ɗaya na gidan tarihi. Masu kuɗin sun tarar da aiki yana tafiya, da mutanen da suka san hanya, suka ƙara musu mai suka bar musu sitiyari.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abin da na shiga ina nema ke nan, wato alamar askin. Ban gan ta ba. Babu sashen da aka tausasa don kada ran mai bayarwa ya ɓaci, kuma gidan tarihin bai ɓoye ribar da bankuna da kamfanonin inshora da biranen arewa irin su New York da Boston suka ci daga bauta ba, alhali daga irin waɗannan birane ne kuɗin tallafi ke yawan fitowa a yau. Gwamnatin Alabama ba za ta taɓa gina wuri irin wannan ba. Jiha ce da a 2017 ta kafa dokar hana taɓa duk wani abin tunawa da ya haura shekara 40 a filin gwamnati, da tarar dala 25,000, dokar da ta kare gumakan 'yan tawayen kudu, kuma har yau tana haɗa hutun Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, da na Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin 'yan tawayen, a rana ɗaya. Idan da an jira baitulmalin jiha, da tudun nan yana nan fili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan an ba mai ɗakin kuɗin kwano aka ƙyale shi ya hau rufin da kansa.

Sai dai bai kamata kyawun wannan wuri ya rufe wa mai karatu ido ba, domin ba haka aka saba yi ba. Wani bincike da ƙungiyoyin Echoing Green da Bridgespan suka fitar a 2020 ya nuna cewa a cikin sababbin ƙungiyoyin da suka duba, waɗanda baƙaƙen fata ke jagoranta kuɗin shigarsu ya gaza na takwarorinsu fararen fata da kashi 24 cikin ɗari, kuɗin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba kuwa ya gaza da kashi 76. Ma'ana, ana ba su kaɗan, kaɗan ɗin ma da igiya a wuyansa. Bayan kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Mayu 2020 an yi ruwan alkawura, amma da jaridar Washington Post ta bi diddigin manyan kamfanoni 50 a 2021, ta gano cewa daga cikin kusan dala biliyan 50 da suka yi alkawari, fiye da kashi 90 cikin ɗari bashi ne da jari da za su iya cin riba a kansu, ba kyauta ba. Daga baya ma iska ta juya. A 2023 Kotun Ƙoli ta soke la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i, a 2024 kuma asusun Fearless Fund na Atlanta ya rufe shirinsa na bai wa mata baƙaƙen fata masu sana'a tallafin dala 20,000 bayan an maka shi a kotu. A irin wannan yanayi, gini da fili da ƙungiya ta mallaka da sunanta sun fi alkawari daraja, domin mai bayarwa na iya sauya ra'ayi a shekara mai zuwa amma ba zai iya kwashe ginshiƙai 800 ba.

Ina da damuwa biyu. Ta farko, kuɗin masu hannu da shuni yana bin suna ne, kuma Stevenson yana da suna, da digirin Harvard, da baiwar magana. Ya cancanci abin da ya samu, amma a gundumomin karkarar Alabama akwai ƙananan ƙungiyoyi na mata da coci-coci da ke fama da matsalar ruwan sha da masai da kuɗin beli, waɗanda ba su da mai rubuta musu takardar neman tallafi, balle a gayyace su dandalin attajirai. Wannan ba laifin EJI ba ne, laifin masu bayarwa ne da ke son su ga sunansu kusa da wanda duniya ta riga ta sani. Ta biyu, tunawa ba ta rufe gidan yari. A Disamba 2020 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai Alabama kotu kan halin da gidajen yarinta na maza ke ciki, a 2021 kuma jihar ta ware dala miliyan 400 daga kuɗin rage raɗaɗin korona don gina sababbin kurkuku, adadin da ya ninka kuɗin ginin farko na wuraren nan sau ashirin. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne lauyoyin ba su bar kotu sun koma sayar da tikiti ba, shari'o'insu na ci gaba, har sun ƙara da shirin ciyar da iyalai masu fama da yunwa a jihar.

Ga baƙo daga Afirka ta Yamma akwai wani giɓi da sai shi zai cike wa kansa. Gidan tarihin magana yake da Amurkawa a kan Amurka, kuma yana da haƙƙin yin haka. Amma a hanyarmu ta fita Kawu ya tuna mini cewa an sayar da bayi a kasuwar Kurmi ta Kano, kuma sai a 1936 aka kammala soke bauta a doka a Arewacin Najeriya, ya ce bai taɓa koyar da wannan a aji da rabin gaskiyar da ya gani yau ba. Na ce masa, "Kawu, ai ba ku kuka rubuta manhajar ba." Ya ce haka ne, amma alli a hannunsa yake.

Wanda zai je ya sani cewa karatu ne mai yawa kuma da Turanci yake, saboda haka dattijon da bai ji harshen sosai ba yana bukatar mai fassara mai haƙuri a gefensa. Gidan tarihin kaɗai yana cin awa uku zuwa huɗu idan ana so a karanta da gaske, sauran wurare biyun kuma a fili suke, zafin Alabama na tsakiyar shekara mai gumi ne da nauyi, don haka gara a fara da su da safe a bar ginin mai sanyi zuwa azahar, akasin yadda muka yi. A duba ranakun buɗewa a intanet kafin a taso, domin ba kullum ake buɗewa ba. Akwai gidan abincin gargajiyar kudu kusa da ginin, soyayyar kazarsu ta yi daɗi, amma Musulmi ya tambaya kafin ya ɗebi ganye ko wake, domin a girkin yankin an saba sanya musu naman alade. Yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu kuwa, ni dai ba zan shiga da su sashen kisan taron dangi ba sai na riga na zauna da su a gida.

Mun kama hanyar Atlanta bayan la'asar. Kawu bai ce uffan ba har muka wuce garin Auburn, sannan ya tambaye ni ko tikitin nan na dala biyar yana da hanyar da mutum zai ƙara wani abu a kansa idan ya ga dama. Na ce akwai, ta shafinsu na intanet. Ya zaro takardar dala ashirin daga cikin guzirinsa ya ajiye a kan gaban mota, ya ce in tura musu, kuma idan za mu dawo da yaran mu nemi masauki mu kwana, wuni ɗaya bai isa ba.